Gangaren Kolorado da Motar Tafi-da-gidanka

A Amurka akwai doguwar mota mai gado da madafa da banɗaki, wadda tsawonta kan kai mita 12. A jihohi da dama, lasisin ƙaramar mota ya isa a tuƙa ta, muddin nauyinta bai haura fam 26,000 ba. Sai dai lasisi ba ya koya wa direba gangara.

Na ga haka a babbar hanyar I-70 ta jihar Kolorado. Da muka fito daga ramin Eisenhower, wanda ya huda dutse a tudu mai mita 3,400, sai hanya ta sunkuya zuwa garin Silverthorne, tafiyar kusan kilomita 11. Tun daga sama na mayar da giya lamba biyu domin inji ya riƙe nauyin. Duk wanda ya danne birki har ƙasa, birkin zai ɗau zafi ya daina kamawa. Saboda irinsa aka gina hanyoyin tsira a gefe, masu hawa tudu, cike da tsakuwa.

Ƙananan motoci suka yi ta wuce mu, ban tanka ba. Iyalina na zaune a baya, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa.