Dokar Wasa, Dokar Yaƙi

Masu iya magana sun ce yaƙi ɗan zamba ne, amma wasan yaƙi ba ya yiwuwa sai da doka. Bauchi gari ne na sojojin tankokin yaƙi, nan makarantarsu take, shi ya sa mu 'ya'yan Ƙofar Ran da tankokin gwangwani muka tashi. Da girma ya zo, sai ni da abokaina muka koma jera ƙananan tankokin roba bisa tebur, ƙwayar lido na yanke hukunci.

Haƙiƙa, zaɓen doka shi ne wahalar wannan wasa. Wata doka tana lissafin kowace tanka, da kaurin ƙarfenta da nisan harbinta. In tankoki suka kai ɗari, sai a kira isha'i ba a gama karon farko ba. Wata kuwa tana ɗaukar tanka ɗaya a matsayin goma, ta mai da hankali ga sauri, da man fetur, da isar umarni.

Ni ta biyun na zaɓa, dalilina kuwa yaƙin Chadi. A garin Fada, cikin Janairun 1987, sojojin Chadi a motocin Toyota, ɗauke da makamai masu linzami, suka tarwatsa tankokin Libiya. Dokar da ba ta san komai ba sai kaurin ƙarfe, Libiya za ta ba nasara. Duk wasan da ya koya wa yaro cewa ƙarfe kaɗai ke cin yaƙi, ƙarya ya koya masa, alhali a garinmu wani yaron kakin soja zai sa gobe.