Jerarme: Garin Masaƙa Tsakanin Daji Da Tafki

Jirgin ƙasa mai gudun nan da ake kira TGV ya ɗauke ni daga birnin Pari, bai cika awa uku ba ya sauke ni Remiremont, inda hanyar ƙarfe ta ƙare. Daga nan sai kar, tafiyar kilomita kamar 30, muna hawa muna karkata cikin duwatsun Voj na gabashin Faransa. Watan Oktoba ne. Tun da muka bar tasha ban ga sararin sama sosai ba, don itatuwa sun rufe hanya dama da hagu, dogaye, miƙaƙƙu, baƙi-baƙi, kamar an jera su da igiya. Wanda ya tashi inda ake hangen raƙumi tun yana nisan yini guda, in ya shiga irin wanga daji sai ƙirjinsa ya ƙuntata. Muna cikin haka sai dajin ya buɗe, ga ruwa shimfiɗe ƙarƙashinmu, ga gari a bakinsa.

A takarda Gérardmer ake rubuta sunan garin. Da na faɗe shi yadda aka koya mini karatu a lakwal, direba ya yi murmushi ya gyara mini: mutanen wurin Jerarme suke cewa, ba su furta harafin ƙarshe, alhali tafkunan da ke maƙwabtaka da su, Lonjemer da Returnemer, ana furta nasu. Da wannan suke gane baƙo tun bai aje kaya ba.

Garin ƙarami ne, mazaunansa wajen dubu 8, wato bai kai wasu unguwannin Maraɗi ba. Yana bisa tudu mai tsawon mita 660 daga gaɓar teku. Tafkinsa ya yi hekta 115, tsawonsa ya ɗara kilomita 2, zurfinsa ya kai mita 38, kuma ƙanƙarar zamanin da ce ta haƙa shi. Na zagaye shi da ƙafa, kilomita 6, ban gamu da jaki ko ɗaya yana jan tanon ruwa ba, ban ga mai wanki ba, ban ga garke yana sha ba. Sai tsofaffi masu yawo da karnuka, da wani mai fatsa zaune cikin ƙaramin jirgi ko motsi ba ya yi. Na tuna tafkin Madarunfa da hayaniyarsa, na ce lalle kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ruwan sama da ke sauka nan a shekara ya haura milimita 1500, abin da Damagaram ba ta samu cikin damina uku.

Amma ba kallon ruwa ya kai ni ba. Abin da na je nema shi ne amsar tambayar da ta daɗe tana cina: ta ƙaƙa ƙaramin gari a ƙuryar daji ya riƙe masaƙunsa, bayan manyan masaƙu na Turai sun rufe ɗaya bayan ɗaya?

Asalin sana'ar talauci ne. Ƙasar wurin duwatsu ce, ba ta noman kirki, kuma dusar ƙanƙara takan tsare mutane cikin gida wata da watanni. Sai manoma suka riƙa saƙar lilin a ɗakunansu lokacin hunturu, fatake na kawo musu zare suna karɓar ƙyalle, kamar dai yadda muka sani tsakanin masaƙan ƙauye da dillalan birni. Abin da ya fifita su shi ne ruwa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun nan ba shi da gishiri, ba shi da farar ƙasa, yana wanke ƙyalle ya yi fari fat. Sukan shimfiɗa shi bisa ciyawa, raɓa da rana su ƙarasa aikin. Har yanzu a gefen garin, wajen da ake kira Costet-Beillard, akwai masana'antun da aikinsu ke nan, faranta ƙyalle da rina shi, ko da yake injuna ne ke yin mafi yawa.

Cikin shekara ta 1833 wasu gidaje biyu na fataken ƙyalle suka haɗa aure, daga nan aka samu kamfanin Garnier-Thiebaut da ke aiki har yau. Bayan yaƙin 1870, da Jamus ta ƙwace Alzas, iyaka ta dawo bisa ƙololuwar duwatsun da ke gabas da garin, masu masaƙu da yawa suka ƙetaro wannan ɓangare da injunansu da ma'aikatansu, kowane kwari na Voj ya samu masaƙarsa. A 1923 aka kafa Linvosges, wanda ya yi suna da kai wa mutane zanen gado har gida ba tare da dillali ba. Ita kuwa kaɗa, wadda ta zo ta mamaye lilin, ko ƙwara ɗaya ba ta tsirowa a yankin. Daga waje ake kawo ta, kuma domin ciyar da irin waɗannan masaƙu ne Faransa ta kafa kamfanin CFDT a 1949, ya bazu cikin ƙasashenmu yana sa talakawa noman kaɗa.

Na samu shiga ɗaya daga cikin masaƙun. Abu na farko ƙara ce, wadda sai an toshe kunnuwa. Na biyu ƙarancin mutane: ɗaki mai faɗin filin ƙwallo, injuna jere, amma mace ɗaya ke lura da da yawa daga cikinsu, tana ɗaura zaren da ya tsinke. Injunan irin na Jakar ne, sunan mutumin Liyon da ya ƙago su farkon ƙarni na 19, waɗanda ke ɗaga kowane zare shi kaɗai har zane ya fito cikin jikin saƙar. Da na taɓa abin da ke fitowa sai na yi dariya, don kuwa saƙar shadda ce, wadda alhazanmu ke sarowa da tsada, sai dai su nan mayafin tebur suke yi da ita, suna sayar wa manyan otel-otel da gidajen abinci na duniya.

Wata dattijuwa da ta yi ritaya daga saƙa ta ba ni labarin shekarun wuya, muna shan gahawa a ɗakinta. Ta ce da ƙuruciyarta yarinya kan bar lakwal ranar Asabar ta shiga masaƙa ranar Litinin, kuma gida da kanti da wurin renon yara duk na mai masaƙa ne. Sai kayan Asiya masu arha suka shigo. A 1978 daular Marcel Boussac, wanda ake yi wa kirari da sarkin kaɗa, ta rushe, garuruwan kwarin Mozel da suka dogara gare shi suka shiga uku. A farkon 2005 aka ɗage ƙa'idar da ke iyakance shigowar tufafin waje, abin da ya saura ya ƙara raguwa. Na ce mata, Madam, to ku me ya tsirar da ku? Ta nuna mini wani mayafin tebur da aka ba ta ranar aurenta, har yau launinsa bai kwanta ba. Bayaninta shi ne, waɗanda suka nemi yin tsere da Sin wajen arha duk sun mutu, waɗanda suka rage su ne suka koma yin kaɗan mai kyau, suka buɗe kantuna a ƙofar masaƙa, baƙon da ya zo kallon tafki ya koma gida da zanen gado. Masu masaƙun yankin kuma sun haɗa kai sun fito da tambari guda, Vosges terre textile, wanda ba a liƙa shi sai ga kayan da aƙalla kashi 75 cikin ɗari na aikinsu nan aka yi shi.

Mai yawo cikin garin zai lura da cewa tsofaffin gine-gine ba su da yawa. Dalili, a tsakiyar watan Nuwamba na 1944 sojojin Jamus da za su janye suka cinna wa garin wuta unguwa unguwa, kashi 85 cikin ɗari ya ƙone. Sojojin Faransa, waɗanda ƴan Afirka ta Arewa ke da yawa cikinsu, toka suka tarar, ga sanyi ya kama. Mutanen ba su watse ba. Suka zauna cikin bukkokin katako, suka tada masaƙu da gidaje tare.

Katakon kuwa shi ne sana'a ta biyu. Kusan rabin jihar Voj daji ne, galibi itatuwan sapan da episeya, masu ganye kamar allura. A da, da wata irin makara ta katako mai suna shilit ake gangaro da gungume daga kan dutse, mutum yana gaba yana tokare ta da ƙafafu, in ya zame ta bi ta kansa. Na bi wani ma'aikacin gandun daji cikin aikinsa. Ba a saran itace sai wanda ya sa wa alama, kuma sapan ɗin da ya sa wa alama ran nan ya haura shekara ɗari, tun kakan kakansa ake kiwonsa. Ya ce shi ma abin da yake reno yau ba zai ga ranar yankansa ba. Na yi shiru ina tuna motocin icce da ke fitowa daga dajin Baban Rafi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka aljanna na je. Ya kai ni wani gangare inda itatuwa ke tsaye jajaye, busassu, ɓawonsu na zuba. Guguwar Lothar ta 26 ga Disamba 1999 ta kwantar da daji mai yawa cikin yini guda, amma ya ce wannan annobar ta fi ta. Tun daga 2018 bazara ta riƙa zuwa da zafi da fari, itatuwan episeya suka raunana, wani ɗan ƙwaro da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, iskolit, ya shiga ƙarƙashin ɓawonsu yana kashe su dubu-dubu. Dole aka sare su da gaggawa, katako ya cika kasuwa, farashi ya faɗi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin ruwa. A farkon Agusta na 2022 maɓuɓɓugan da ke shayar da garin suka kasa, har hukumar gari ta koma jan ruwan tafki zuwa pampo, ta kuma hana a sha shi na ɗan lokaci sai an gwada. Gari mai tafkuna uku a kewayensa! Ɗan Damagaram da ya yi ƙuruciya yana jiran pampo da tsakar dare ya san wannan magana, amma bai zaci zai ji ta nan ba. Bayan fari akwai wani dalili: da bazara baƙi kan ninka mutanen gari sau uku ko fiye. Jerarme ta daɗe da sanin baƙi, don tun 1875 ta kafa ofishin tarbar masu yawon buɗe ido, na farko a Faransa, ga bukin furannin jonki tun 1935, ga na sinima tun 1994, ga wasan zamiya bisa ƙanƙara. Baƙo na kawo kuɗi, amma yana shan ruwa, yana kuma sayen gida. Wani saurayi ma'aikacin masaƙa ya gaya mini cewa shi da matarsa sun koma haya a wani ƙauye can ƙasan kwari, saboda gidajen garinsu sun zama na masu hutu, rufe suke mafi yawan shekara. Ashe ko mai rijiya yana iya kwana da ƙishirwa in bai ƙidaya masu guga ba.

Daren ƙarshe na sayi zanen gado guda a kantin masaƙa, kuɗinsa sun kusa sayen tunkiya a kasuwar ƙauye. Ina juya shi ina lissafi irin na ɗan kasuwa. Ƙila kaɗar da ke cikinsa a Afirka aka noma ta, aka sayar da kilo a ƴan daloli, ta dawo hannuna da wannan tsada, kuma duk abin da ke tsakani aikin mutanen ƙaramin garin nan ne. Mu da muke da kaɗar da fatu da gyaɗa, ina atamfar Sonitextil da iyayenmu mata suka ɗaura? Masaƙa nawa suka rage a unguwarku, ya mai karatu, kuma wa zai gaje su? Alhazanmu sun ƙware wajen sarowa daga Kwatano da Dubai da Sin, ma'aikatanmu sun ƙware wajen rubuta tsare-tsare. Mutanen Jerarme ba su fi mu jari ba lokacin da suka fara, manoma ne da sanyi ya kulle a ɗaki. Sun riƙe abu guda da suka iya, an ƙone su sun sake tashi, kasuwa ta juya sun juya da ita.

Da asuba na fito neman kar. Hazo ya rufe tafkin ruf, ba a ganin ko gaɓarsa. Fitilun masaƙa na kunne, ma'aikatan safe na shiga ɗai-ɗai da jakunkunansu, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Na ɗaure zanen gadona cikin kaya, na kama hanyar Remiremont. Allah Ya sa mu ga irin waɗannan fitilu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, amin.