Shekarar da aka sayar da Sudanir

A 2007 ina yankan tikiti a wani ƙaramin ofishi kusa da kasuwar Omdurman. Yawancin masu zuwa wurina 'yan uwanmu ne Hausawan Sudan: fatake masu zuwa Kano da tsofaffi masu niyyar Umara. Kowa ya shigo Sudanir yake tambaya, sunan da mutanen gari ke kiran Sudan Airways da shi. Jiragensa sun fara tashi tun 1947, kafin ƙasar ta sami 'yancin kai, shi ya sa ake yi masa kallon gadon gida.

Ko a lokacin kamfanin na jin jiki. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan a 1997 ya hana shigo da kayan gyara. Maƙwabcina, makanikin jirgi a filin jirgin Khartoum, yakan ce mini, "Malam, hannu muna da shi, kaya ne babu."

Sai kwatsam jaridu suka kawo labarin cewa gwamnati ta sayar da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin: 49 ga kamfanin Aref na Kuwait, 21 ga kamfanin Faiha na cikin gida. Da farko wasunmu sun yi murna, ana cewa kuɗin Larabawa za su kawo sababbin jirage.

Abin da ya biyo baya shi ne batun Heathrow. A lokacin Sudanir na da gurbin sauka da tashi a wannan filin jirgi na Landan, irin gurbin da manyan kamfanoni ke zuba miliyoyin daloli su samu. Bayan cinikin nan gurbin ya salwanta. Wurin masu shayi a bakin Nilu, cikin motar haya a kan gada, tambayar ɗaya ce: wa ya sa hannu? Abin ya ci mini rai ƙwarai, har yau ma. Matuƙa da makanikai sun yi shekara da shekaru suna riƙe da wannan hanya, amma shawarar rabuwa da ita a hannun 'yan tsirarun manya take.

Majalisa ta yi ta muhawara, an kafa kwamitocin bincike. A 2010 Tarayyar Turai ta hana jiragen kamfanonin Sudan shiga sararinta. A 2011 gwamnati ta karɓi hannun jarin da ta sayar, amma gurbin Heathrow bai dawo ba.