Bakin Kaka da Hausar Takarda

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa ba zai ga dajin da ya raba gari da gari ba. Gona ce ke bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. Haka karin harshen yankin yake, sannu a hankali yake sauyawa. Iyakar jiha tana kan taswira, amma auratayya da cin kasuwa da almajiranci ba su taɓa tsayawa a kanta ba.

A wani ƙauye na wannan yanki wani saurayi ya tashi a hannun kakarsa, wadda aka auro daga ƙasar Katsina tun tana yarinya. A bakinta ya koyi zamna da sabka da amre, bai kuma san suna da aibu ba sai da ya shiga jami'a a birni, inda abokan karatu suka laƙaba masa ƙauyanci. Kafin zango ya ƙare ya koma zauna da sauka da aure. Da ya je hutu, tsohuwar ta saurare shi, ta ce, "Ɗan nan, wa ya musanya maka baki?"

A darasin tsarin sauti ya gamu da dokar da August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920: baƙin leɓɓa da ya zo ƙarshen gaɓa ya rikiɗe zuwa "u" a Kananci, alhali karuruwan yamma sun riƙe shi. Ashe lafazin da aka yi wa dariya shi ne ya girmi na masu dariyar. Fifikon Kananci ba daga tsarkin asali ya zo ba. Kasuwar Kano ce ta yaɗa shi, ƙamusun Bargery na 1934 da Hukumar Harshen Hausa ta 1955 suka ba shi gindin zama a takarda, rediyo da makaranta suka ƙarasa aikin.

A nan manazarta ke da abin damuwa. Mutumin da aka kunyata kan lafazinsa yakan ɓoye shi, musamman a gaban baƙo mai ɗauke da na'urar naɗar murya. Sai ya gyara zama, ya yi Hausar rediyo, manazarci kuma ya rubuta cewa karin yankin ya ɓace. Samun sahihin bayani ya rataya ne ga mutunta bakin mai bayarwa, tun daga aji har zuwa zauren ƙauye.