Hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa

Matafiyin da ya tashi daga Maraɗi ya nufi kudu, kafin sa'a guda ta cika sai ga shi a Ɗan Isa, dab da iyakar Nijeriya. Daga nan hanyar ta ratsa Magama da Jibiya, ta faɗa birnin Katsina. Tafiyar duka ba ta kai kilomita 100 ba.

Hanyar gajeriya ce, amma tarihinta da nisa. Bayan masu jihadi sun ci Katsina a wajen 1807, gidan sarautar birnin ya yi hijira zuwa arewa, daga baya ya kafa mulki a Maraɗi. Shi ya sa har yau ake kiran sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Dajin da ke tsakanin garuruwan biyu ya daɗe yana fagen hari, kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a cikinsa a farkon ƙarni na 20.

Iyakar ba ta raba harshe ba, amma ta bar masa tambari. A arewacinta direba gudro yake hawa, ya tsaya wa duwan; a kudancinta kwalta yake hawa, ya tsaya wa kwastan. In aka cire waɗannan kalmomin aro, bakin ɗaya ne.

Da aka rufe iyakar a 2019, aka kuma a 2023, manyan motoci sun yi jerin gwano a gefen titi, kasuwanni suka yi sanyi. Zumunci kuwa bai tsaya ba. Mai zuwa suna ko ta'aziyya a ƙetare sai ya bar titin, ya hau babur, ya bi ta gonaki.