Daga Achika Zuwa Wurin Jifa

Da asuba muka bar Achika, ni da Inna, 'yan uwa na ta yi mana addu'a a bakin mota. Muka biyo ta Wudil zuwa sansanin alhazai a Kano, daga filin jirgin Malam Aminu Kano kuma sai ƙasa mai tsarki. Abu ɗaya ke cin raina duk tsawon hanya: yadda zan kai tsohuwa mai ciwon gwiwa wurin jifan Shaiɗan, in dawo da ita lafiya. Na roƙe ta ta wakilta ni, ta ce, "Ɗan nan, da ƙafata na zo, da hannuna zan jefa."

Tsorona yana da dalili. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsin alhazai a ramin Mu'aisim. Ranar 24 ga Satumba, 2015 kuma, ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina, muka rasa 'yan Najeriya masu yawa, ciki har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar Kano, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah Ya jiƙansu.

Bayan Arfa da kwanan Muzdalifa, aka sanar da mu a tanti lokacin fitar ayarinmu. Wasu suka yi gunaguni, su a bar su su fita yanzu. Wani matashin injiniya da ke kusa da shimfiɗata ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Lissafi aka yi kafin a ba mu wannan lokacin."

A hanya ya warware mini zancen. Masana kan zana wurin a kwamfuta, su zuba ɗigo dubu-dubu, kowane ɗigo mutum guda ne mai son isa inda ya nufa, yana kauce wa bango da kafaɗar na kusa da shi. Sai su sake su, su ga inda za a cushe tun ba a aza tubali ba. Bajamushe Dirk Helbing na cikin waɗanda suka fito da wannan lissafi a 1995. Shi da abokan aikinsa ne suka yi nazarin bidiyon turmutsitsin 12 ga Janairu, 2006 a bakin gadar Jamra, inda fiye da mutum 340 suka rasu. Sun ga tafiya tana farawa sumul, sai ta koma a taka a tsaya, daga nan taron ya fara tangaɗi, mutum ba ya iko da ƙafarsa. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, numfashi ma gagara yake. Lissafin ya kuma tabbatar da maganar Hausawa cewa sauri kan haifi nawa, domin in kowa ya danno ƙofa, fitar ce ke raguwa.

Da muka isa, na ga lissafin da idona. Hanyar zuwa daban, ta dawowa daban, ba mai juyowa ya yi gaba da gaba da jama'a. Askarawa sun tare wani bawan Allah da ƙatuwar jaka a ka, suka hana shi shiga da ita, don kayan da suka zube ƙasa na cikin abin da ya kayar da mutane a 2006. Gadar hawa-hawa ce, kowane hawa da mashigarsa. Ginshiƙan da ake jifa a dā an mayar da su dogayen katangu, kowa na samun gefen tsayawa. Inna ta riƙe gefen haramina da hagu, ta ciro tsakuwa daga ƙullin mayafinta, ta jefa bakwai ɗaya bayan ɗaya tana kabbara. Ba wanda ya bangaje ta. Muka bi jama'a muka fita ta gaba.

Mun saba, in an yi turmutsitsi, mu ce mutane ne ba su da haƙuri. Amma wanda ke baya bai san na gaba ya faɗi ba, shi ma turo shi ake yi. Ƙofa ɗaya ga mai shiga da mai fita, da lungun da ya tsuke, da kaya a kan hanya, su ne ke kisa. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

A nan gida ma, ranar Juma'a a kasuwar Wudil, shanu da tireloli da 'yan Adaidaita da masu talla duk titi ɗaya suke rabawa. Haka filayen Idi, haka wuraren rabon zakka. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote a cikin garin. Ina roƙon malamanta su tura ɗalibai ranar kasuwa, su ƙirga masu wucewa, su auna faɗin mashigai, su kai wa ƙaramar hukuma da shugabannin kasuwa taswirar inda za a buɗe ƙofa da inda za a raba hanya, tun kafin a yi asarar rai.