Ƙaura da Jama'a a Dandalin Sada Zumunta

Masu iya magana kan ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Amma ƙaura iri biyu ce: akwai wadda mutum zai tashi da jama'arsa, akwai kuma wadda zai bar su a kufai.

Mutumin Janfalan da ke dillancin rake a kasuwar Maƙarfi ya san wannan bambanci, domin lambar wayarsa ita ce rabin jarinsa. Kafin shekarar 2013, in ya sauya kamfanin waya sai ya rabu da lambar, abokan ciniki su neme shi su rasa. A watan Afrilun shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani.

A manyan dandalin sada zumunta kuwa babu wannan sauƙi. Da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, waɗansu sun koma Koo na ƙasar Indiya, suka fara tara mabiya tun daga tushe. Koo ya rufe a Yulin 2024, wahalarsu ta bi ruwa.

Mastodon, wanda Eugen Rochko ya fito da shi a Jamus a 2016, ya bi wata hanya dabam. Maimakon kamfani ɗaya, akwai dubban uwayen garke, wato kwamfutocin da ke ajiye shafukan mutane, kowace da mai ita da dokokinta, kuma suna gaisawa da juna. Kamar dai masaukan fatake ne a zango guda. Mai son ƙaura zai buɗe shafi a sabon masauki, ya shaida masa sunan tsohon, sa'an nan ya koma tsohon ya ba da umurnin tashi. Mabiyansa za su biyo shi, amma rubuce-rubucensa na baya can za su zauna. Wajibi ne kuma tsohon masaukin ya kasance yana aiki, domin daga can umurnin ke fita. In ya rushe, an makara.

Saboda haka ɗalibin da ya kwashe shekaru yana tara karin magana ko tarihin garinsu a shafin wani, ya kamata ya tambayi kansa ko akwai ƙofar fita, ya kuma adana kwafin aikinsa a hannunsa tun mai masauki bai rufe zaure ba.